Ramonar Nikomedes

Ɗan kawuna Nikomedes mutum ne da ko kaza bai taɓa kiwo ta yi rai ba, amma shi aka damƙa wa 'yar kifin shak, irin ƙaton kifin nan na teku, a gidan kallon kifaye na tsibirinmu, kusa da birnin Kartahena. Masunta ne suka kawo ta cikin bokiti, ba ta fi takalmina ba, da gashin baki irin na kyanwa. Ya sa mata suna Ramona.

Ta ƙi cin abinci, shi ma ya ƙi ci. Ya rame har sai ka duba sau biyu kafin ka gan shi. Daga baya ya samo dabara: sai ya ƙwanƙwasa bakin tankin da katako, sannan ya miƙa mata jatan lande a tsinke. A hankali ta gane. Da ta ji ƙwas-ƙwas sai ta taho da gudu.

Nakan ce masa, "Baban Ramona, yaushe za a kai ta makaranta?"

"Tafi can, shashasha! Ta fi ka kai."

Matarsa Kasilda kuwa cewa take, "Ni shinkafar da na dafa da kwakwa ta huce, shi yana can yana wa kifi tausa."

Ramona ta girma, wallahi ta kusa kai motar haya, tanki ya yi mata kaɗan. Masu gidan suka ce a mayar da ita teku. Nikomedes ya roƙa, suka ce ai da ma aro ce. Da hannunsa ya sake ta, yana cewa ruwan gishiri ne ya shiga masa ido.

Abin da bai tuna ba, shi da aka haifa cikin masunta: mutanenmu in sun shimfiɗa raga, gefen kwalekwale suke duka da filafili don kifi ya firgita ya faɗa ciki. Kowane kifi gudu yake yi. Ramona kuwa tahowa ta yi.

Ina tare da shi a bakin ruwa lokacin da wani tsohon masunci, Ruperto, ya zo, hula a hannu.

"Ɗana, ban taɓa ganin irin wannan ba. Da kanta ta zo, baki buɗe. Kafin in gane taka ce, yarana sun riga sun gama da ita."



Nikomedes ya kalli ruwa, ya ce, "Baba Ruperto, ta sha wuya?"

Tsohon ya mayar da hularsa, ya juya ya tafi.