Tsohon Tiyub ɗin Ngaire

Duk garin Methven an san Ngaire Kereama da abu biyu: tuƙin motar 'yan makaranta, da taurin kai. Tun Afrilu, kafin ko ɗigon ƙanƙara ya sauka a kan duwatsu, take fara shirin hutun iyali na Agusta. Ita ce mai kama gadaje a masaukin kulob ɗin masu zamiya a kan ƙanƙara, ita ce mai raba wa kowa aikinsa, wane feraye dankali, wance miyar kabewa. Wanda ya ce ba zai je ba, sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Dutsen nasu ba shi da kujerun lilo masu kai mutane ƙoli. Igiya ce kawai, tsohon injin tarakta yana janta zuwa sama. Za ka cafke ta da hannu ɗaya, ka wurga mata ƙarfen da suke kira fasa-ƙwara da ɗaya hannun, ka matse, sai ɗamarar ƙugunka, wadda ƙarfen ke ɗaure da ita, ta ja ka. Aikin hannu biyu ne, ba makawa.

To, a bara injin ɗaure ciyawa ya cinye hannun dama na Hinewai, 'yarta ta fari, wadda tun tana ƙarama babu mai kamo ta a zamiya. Ciwon ya warke, amma ta daina ko kallon duwatsun.

"Mama, ku tafi da yaran," in ji ta. "Me zan je yi? Gadin takalma?"

"Na riga na kama miki gado."

"Ki sake shi."

"Ni na taɓa sakin abu?"

Maganar ta yi wa Ngaire zafi ƙwarai. Ta san idan Hinewai ta zauna bana, ta zauna ke nan har abada. Ta shiga rumfar kaya ta yi ta bincike har ta zaro tsohon tiyub na keke. Da irinsa ake jan yara a dutsen: uwa ta ɗaura shi a bayan ɗamararta, yaro ya rataya a ƙugu, ta hau da shi. Da irinsa ta ja Hinewai tana 'yar mitsitsiya. Sai dai yanzu Hinewai uwar 'ya'ya ce, ita kuwa Ngaire ta doshi saba'in, gwiwoyinta har ƙara suke yi.

Ta ninka tiyub da sabo, ta ɗaura tayar mota a ƙugu, ta dinga ja a gangaren bayan gida kullum bayan ta ajiye 'yan makaranta. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta zare. Ko a jikinta.

Da ƙanƙara ta sauka, ta je ta sami Fergus, tsohon da ke kula da injin igiyar.

"Zo ka zama kaya," ta ce.

"Ni? Ke ko kunya ba kya ji? Ki bari mu mutu a gadonmu mana."

"Kai da tumbin nan, in na ja ka, na ja kowa. Rataya!"

Suka faɗi, ba sau ɗaya ba. Fergus ya ci ƙanƙara har ya ƙoshi, yana zagi yana dariya. Rannan dai suka kai ƙoli, ta kwance shi ba ko sannu.

Watan Agusta ya zo. Hinewai ta biyo su don yaran sun matsa mata, amma ta lafe a masauki tana juya miya. Da safe Ngaire ta shigo da allunan zamiyar Hinewai ta jingine, ta miƙa mata tiyub. Hinewai ta gane shi nan take, fuskarta ta canja.

"Haba Mama! A gaban mutane? Ni yarinya ce?"

"Ni ban zo jan yarinya ba. 'Yata na zo ja. Hawa ne ke son hannu biyu, kuma ga nawa. Saukowa kuwa ƙafa ce, ko ita ma injin ya ci?"

Hinewai ta kalli tiyub ɗin. Sannan ta ajiye ludayi.

Da Ngaire ta matse fasa-ƙwara, nauyin ya fizge ta kamar zai raba ta biyu. Ta cije. Ba ta waiwaya ba, numfashin 'yarta kawai take ji a bayanta. Fergus ya rage gudun injin, ya yi kamar ba shi ba.

A ƙoli Hinewai ta zame tiyub, sai kawai ta sunkuya ta tafi. Ta karkata hagu, ta karkata dama, ƙanƙara na tashi a bayanta kamar da. Ngaire ta zauna daɓas ta yi kukan da ta hana kanta tun ranar da aka kira ta asibiti.

Da ƙyar ta lallaɓa ta sauko. Ta tarar da Hinewai a gindin igiya, kumatu jajir, tana ɗaga hannunta ɗaya.

"Tsohuwa, ina kika tsaya? Yi sauri mana, layi na tafiya!"

Ngaire ta share ido, ta gyara ɗamara.