Ranar Da Aka Yi Wa Kawuna Dariya A Gasar Waƙa

"Baba, wane salo ka yi amfani da shi a baitin nan?"

Haka wani matashin malami ya tambayi Kawu Sale jiya, a gasar waƙa da aka yi a wata makaranta nan Daura. Kawu manomi ne a Dutsi, ya fi shekara arba'in yana tsara waƙa, bai taɓa zama a aji ba. Ni na lallashe shi ya shiga.

A baitin ya ce rijiyar garinsu ta yi fushi, ta haɗiye ruwanta, ta juya wa mata baya.

Kawu ya ce, "Ɗana, ban san salo ba. Rijiyar ce ta ƙafe, mai ɗakina ta yini tana jawo guga babu komai."

Ɗalibai suka fashe da dariya. Malamin ya ce, "Sunansa mutuntarwa, wato ba wa abu halin mutum. Wanda bai san wannan ba, bai san adabi ba."

Kawu ne ya zo na ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya ya lissafo kamance da kambamawa tiryan-tiryan, amma ko baitinsa ɗaya ban riƙe ba.

Da na sauke Kawu a ƙofar gida, sai ya ce, "Kada ka ƙara kai ni gaban 'yan boko."

Digirina na Hausa ne, amma jiya na ji kunyar takardata. Jama'a, haka ake koyar da adabi a wajenku?