Wurin Ikilima a tsohuwar tasha

Shekara talatin da ɗaya Ikilima ta yi tana suyar kifi a tsohuwar tashar manyan motoci da ke tsakiyar Gaya ta bakin iyaka, kuma ba ta taɓa riƙe takardar da ta ce wurin nata ne ba. Ba ma wanda ke da irin wannan takarda. A tashar nan, wanda ya share wuri, ya kafa murhu, ya sha rana da ruwan sama a kansa har idon mutane ya saba da shi, wuri ya zama nasa. Haka ta samu nata, taku huɗu a tsaye, uku a kwance, tsakanin mai facin taya da bangon masallaci.

Ni sakatariya ce a lokacin, wajen wani mai fitar wa ƴan kasuwa kaya daga duwan, wato kwastan. Tagar bironmu, wato ofishinmu, tana kallon kaskonta, don haka duk takardar da na buga sai ta fita da ƙaurin man gyaɗa. Da farko haushinta nake ji. Na je na yi mata magana, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in ƴar lakwal, wato ƴar boko, ba ta son hayaƙi sai ta koma Faransa, sannan ta miƙo mini kan ƙarfasa da yaji. Na ci. Tun daga ranar ba ta sake kirana da sunana ba, ƴar lakwal nake har yau da furfurata.

Ƴar Tunuga ce. Mijinta Kabo masunci ne, da bayansa ya gaza sai ya koma gyaran kwale-kwale a bakin kogi. Ita kuwa da safe take sauka can ta zaɓo kifinta, kafin hantsi mai ya yi zafi. Direbobin da ke jiran takardunsu, wani kwana uku, wani mako, a bencinta suke zama, su ci kifi da garin rogo da albasa, su yi ƙaryar hanya. Ba mace ce mai fara'a ba. Tana zagin wanda ya taɓa kifi da hannu kafin ya saya, ba ta kuma yafe abu da wuri. Amma da wannan kasko ta aurar da ƴaƴa huɗu.

Maganar tayar da tashar ta daɗe tana yawo har muka daina ji. An ce manyan motoci sun toshe tsakiyar gari, za a yi musu sabon fili a waje, a hanyar Doso, nan kuma a gina layin butik, wato shaguna, na siminti da wurin ajiye ƙananan motoci a gabansu. Gaskiya ne sun toshe garin. Na sha ganin mace mai naƙuda a bayan babur tana jiran wata tirela ta gama juyawa.

A shekarar da maganar ta zama gaske, Kabo ya rasu. Ikilima ta shiga takaba. Ta kira Yalwa, wata bazawara maƙwabciyarta mai ƴaƴa uku, ta ce ta riƙe mata murhu kada wurin ya yi sanyi, abin da ta samu nata ne. Haka ake yi. Ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Wata na biyu da rasuwar aka liƙa sanarwa cewa kwamitin aikin zai zagaya ranar Laraba, ya rubuta sunan duk wanda ya tarar a wurin sana'arsa da katinsa na ɗan ƙasa a hannu, kuma waɗanda aka rubuta su kaɗai za a ba butik. Na yi ritaya a lokacin, amma idona bai yi ritaya daga karanta bango ba. Na tafi gidanta kai tsaye.

Na same ta a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, kanta ba kitso. Na gaya mata abin da aka rubuta. Na ce ta yafa mayafi ranar Laraba, ta zauna a bencinta awa ɗaya, ta dawo. Na ce ko limamin unguwa ya faɗa, mai takaba tana iya fita da rana in larura ta kama. Ta ce ta ji malamai suna faɗin haka, amma a gidansu ba a yi. Uwarta ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta ga bakin zaure ba, kakarta ma haka, ba kuma ita za a nuna a Tunuga a ce ga wadda ta fita kasuwa ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba.

"Ikilima, mutanen nan ba su san ki ba. Takarda suka sani."

"To su tambayi liman. Su tambayi mai faci. Akwai karen da ke Gaya da bai san wurina ba?"

Na ce ta ba ni katinta in kai. Ta ba ni, tana mita. Ranar Laraba na tsaya a gefen murhun da katin a hannu. Matasa biyu ne, ɗaya da littafi, ɗaya da waya yana ɗaukar hoto. Ba su yi mini rashin kunya ba. Mai littafin ya ce an hana su rubuta wanda ba ya nan, don a wani layi sun tarar da mutum ɗaya riƙe da katunan ƴan'uwansa bakwai da ke ƙauye. Ya juya ga Yalwa, wadda ke tsaye da matsami a hannu, ya ce in ba a rubuta kowa ba wurin zai tafi a banza. Yalwa ta dube ni. Ni na ce mata ta ba da sunanta, daga baya a gyara. Na yi shekaru ina aikin takarda, ya kamata in san cewa abin da ya shiga littafi ba ya fita da sauƙi. Wannan laifin nawa ne, ban kuma ɗora wa kowa ba.

Ranar da Ikilima ta fita takaba, ta yi wanka, ta sa sabon zane, ta tafi tasha. Ta tarar da fili an kewaye shi da kwano. Bangon masallacin kaɗai ta gane.

Mun je wurin kwamitin sau biyar. Liman ya bi mu sau ɗaya, mai faci sau biyu. Kowa ya yarda cewa wurin nata ne, har shugaban kwamitin ya ce shi ma ya ci kifinta yana saurayi. Amma ya ce sai wadda aka rubuta ta zo da kanta ta sa hannu cewa ta janye. Yalwa kuwa, yau ɗanta ba lafiya, gobe ta tafi biki Zabori. Ba muguwa ba ce. Mace ce da ba ta taɓa mallakar ƙofar da ake kullewa ba, sai ga mabuɗi an ce nata ne. Da aka gama ginin ta karɓi lamba goma sha bakwai, ta zuba sabulu da madara da takalman roba. In ta hango Ikilima sai ta shige ciki.

Ikilima ta bi motocin zuwa sabon fili. An shafe shi da siminti, an kewaye da waya, abinci kuma an ba wani mutum ɗaya ya riƙa sayarwa a ciki. Ta kafa murhu a waje, inda ba itace ko ɗaya. Tana da shekara sittin da ƴan kai, kullum sai ta hau babur da kasko da kifi a cinya. Tsofaffin direbobi suna fitowa su same ta. Sababbin ba su san ta ba.

Sai aka rufe iyaka, aka datse gadar da ke kan kogi. Motocin da ke zuwa daga Kwatano suka ɗauke, filin ya koma wurin kiwon awaki. Ciniki ya gangara bakin kogi, inda ake tsallakar da mutane da kaya a kwale-kwale zuwa Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka. Layin butik ɗin nan, wanda dama rabinsa bai taɓa buɗewa ba, ya mutu sarai. Wurin ajiye motocin da ke gabansa an ja masa farin layi mai kyau, mota talatin zai ɗauka. Ban taɓa ƙirga fiye da huɗu ba.

A lokacin ne Yalwa ta zo. Ina gidan Ikilima da la'asar ta yi sallama, ta durƙusa, ta ajiye mabuɗi a bakin tabarma. Ta ce ta je ta sa hannu, an mayar da sunan. Ta ce ita bakin kogi za ta koma da tallan ruwan sanyi.

"Inna, ki yafe mini."

"Da yana da nama kika riƙe. Yanzu da ya zama ƙaya kin kawo mini."

Na zaci Ikilima za ta jefa mata mabuɗin. Sai ta ɗauka, ta ɗaure a bakin zane.

Na gaya mata gaskiya a ranar. Na ce ba a yarda a hura wuta a ginin ba, an rubuta a takardar da za ta karɓa. Na ce mutane suna bakin kogi, duk mai kasko ta koma can, kuma ita masunta sun san ta tun suna yara, za su matsa mata wuri. Ta ce ta ji. Washegari ta soya kifinta a gida, ta rufe da leda a tire, ta je ta buɗe lamba goma sha bakwai.

Yau shekara guda da rabi ke nan. Tana buɗewa da safe, ta rufe bayan la'asar. Ɗaki ne mai faɗi, ba komai a ciki sai benci da tire da butar alwala. Kifin yana hucewa kafin azahar, wanda ya rage jikokinta ke ci. Ƴaƴanta ne ke ciyar da ita yanzu, abin da ta rantse ba za a yi ba tana da ƙafa. Ta rame, idonta ɗaya ya fara hazo.

Watan jiya ƙaninta Hama ya rasu a Tunuga, wanda suke ciki ɗaya, shi kaɗai ya rage mata. Ɗanta ya zo da mota zai kai ta. Ta ce ya tafi ya yi gaisuwa a madadinta, ita za ta zo ranar Juma'a da yamma in ta rufe, ta dawo da asuba. Ya zo ya same ni, ya ce ko ni za ta ji maganata. Na je. Na ce mata ba wanda ke son ɗakin nan, ko kyauta aka ba da shi ba mai karɓa, ta rufe ta je ta yi kwana bakwai cikin danginta kamar yadda ake yi.

Ta gyara ledar da ke kan tiren. Ta ce, "Ƴar lakwal, ke kika ce takarda suka sani. In suka dawo da littafinsu, a zaune za su same ni."

Ba wanda zai dawo da wani littafi. Na gaya mata haka. Ɗan ya tafi shi kaɗai.