Baba Dabo, Mai Rabon Take

In damina ta kankama, Baba Dabo ba ya komawa barci bayan asuba. Zai ɗumama fatar gangarsa a bakin murhu, ya ɗaure ta a bayan kekensa, ya nufi duk gonar da aka kira gayya, daga ƙauyukan Tofa har bayan Bacirawa. Makaɗin noma ne. Shekarunsa sun haura saba'in, kuma kekensa bai yi ƙasa da haka sosai ba.

Baba Dabo ba ya yanke lada. Ranar da ya ga namiji ya fara riƙe fartanya da gaske, sai ya ƙirƙira masa take, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, ya ba shi kyauta. In kaka ta yi, kowane mai take zai ware masa damin gero. Ni ma ina da nawa taken, kuma shi ne mafi gajarta a yankinmu. Da na yi ƙorafi, ya ce ba a ɗinka wa ɗan tsako babbar riga. Na dubi tumbina da tafin hannuna mai laushi na ma'aikacin ofis, na janye ƙara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru bara. Hashimu, wani manomi a Gidan Ɗan Iya, ya rasu bayan shuka. Matarsa Kulu tana takaba, ba ta fita, 'ya'yanta ƙanana ne, ba ta da abin dafa wa 'yan gayya. Ciyawa ta fara shaƙe geron da za su ci shekara guda. Majiya ƙarfin ƙauyen kuwa duk suna Dawanau suna dakon buhuna. Mu manya muka yi ta cewa Allah sarki, wanda shi ne aikin da muka fi ƙwarewa a kai.

Ranar nan na je kasuwar Dawanau sayen wake, sai ga Baba Dabo ya jingine keke kusa da inda ake lodin manyan motoci. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Gula kawai ya ɗaga, ya saki taken Abdulrashid, shugaban 'yan dakon ƙauyenmu. A al'adarmu, wanda ya amsa takensa da kirari sai ya bi ganga har inda ta tsaya. Abdulrashid yana ɗauke da buhu a ka, ya yi kamar bai ji ba, can ya ce, "Baba, lodi muke yi."

Tsohon ya ce, "Ni ban kira ka ba, ɗana. Ganga ce ta gaishe ka. In ba ka san ta ba, ci gaba da lodinka."

Ya sake bugawa. Abdulrashid ya dire buhun, ya ɗaga hannu sama ya yi kirari har direbobi suka leƙo. Daga nan Baba Dabo ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Da ya hango ni ina ɓuya bayan mai wake, ya saki nawa, kafin in gyara tsayuwa har ya ƙare. Na amsa, don idon jama'a yana kaina.

Muka bi ganga; kafin hantsi ya dubi ludayi mun cika gonar Hashimu. A nan tsohon ya buga taken mamacin, sau ɗaya, na ƙarshe. Maƙwabta sun ce Kulu ta ji shi daga cikin ɗaki, ta gane, ta tashi ta dama ɗan garin da ya rage mata ta aiko da kunu. Kafin la'asar an gama nome gonar tas. Gudummawata ba ta wuce noman faɗin tabarma ba, amma bayana ya yi sati yana ba da labarinta.

Da kaka ta yi, geron ya cika rumbu. Kulu ta aika wa Baba Dabo dami. Wasu suka ba shi shawarar ya mayar, ai marayu ne. Ya ce in ya ƙi karɓa ya mai da ita mabaraciya, alhali manomiya ce. Ya karɓa, ya zo ƙofar gidanta da gangarsa, ya ba ta take. Ita ce mace ta farko da ta samu a ƙauyen.

Bana wuyan hannunsa ya ƙi gula, ya ce zai rataye ganga. Baba Dabo, kai ne baƙon da ba ya shiga gari hannu rabbana, kai ne ka ciyar da gidan Hashimu ba ka da gona ko taƙi. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu take, kaka ta ƙarato. Ko bai buga ba bana, ku kai masa daminsa har gida. Kuma in kun ga gonar maƙwabci tana nutsewa a ciyawa, kada ku jira ganga, don mai bugawar ya gaji.