Ubaidu da Kasuwa Mai Tasowa

Ubaidullahi maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, ita ma awakinsa sun kusa cinye ta. Ubaidu muke ce masa. A nan ƙauyenmu bayan Kambaza aka yanke masa cibiya, a nan ya yi karatun allo, a nan ya gaji fadamar albasa wurin ubansa. Taurin kan ne dai ban san inda ya samo ba, don tsohon nasa mutum ne mai sanyi. Abu biyu ba sa rabuwa da Ubaidu, warin albasa da rediyo. A wuya yake rataya ta, har ban ruwa da ita yake yi.

Tsakaninmu da babbar hanya akwai wani kwari. Da rani yashi ne, ko keke ya wuce. Damina na sauka sai ya cika ya batse, mota ta tsaya can tsallake tana kallonmu. Ita kuwa albasa sai da damina take daraja. Shi ya sa Shamsuddeen, dillalin Kalgo, yake zuwa tun da bazara ya kwashe mana ita a arha, ya kai ta inda taya ke isa, ya zauna yana jiran ruwa. Tun Ubaidu bai ajiye gemu ba yake zagin kwarin nan. Kwalbati kawai muke roƙo, ba gada ba. Masu neman ƙuri'a sun zo sun auna wurin har mun gaji da riƙe musu igiyar awo.

Bara, bayan an cire albasa, ina gyaran babur sai na ji shi ta bayan katanga.

"Lawali! Taho ka ji!"

"Mi ya faru, akuya ta haihu?"

"Kai dai taho!"

Na tarar ya manna rediyo a kunne. Wani masani ne yake bayani, wai manyan kamfanonin fansho da na inshora suna da kuɗi jibge, wani babban banki zai tattaro su wuri ɗaya, a riƙa ba da rance ana yin hanyoyi da gadoji da wutar lantarki a kasuwanni masu tasowa.

Ubaidu ya buga cinya. "Ka ji ko? Kasuwanni masu tasowa! Duk ƙasar Gwandu wace kasuwa ta kai tamu tasowa? Da can gindin tsamiya muke ci, yanzu har mai cajin waya gare mu."

Na ce, "Tana tashi kam. Kafin azahar ta tashi, kowa ya kama gabansa."

Bai ko yi murmushi ba. Daga ranar mutumin nan ya hana kowa sakat. Ya sa aka share kasuwa, aka sake wa rumfuna zana, ya matsar da mahauci can baya wai kada ƙuda su kori masu zuba jari. Ranar kasuwa sai ya ɗauko rigarsa ta Juma'a ya tsaya bakin hanya. Ni na raɗa masa Sarkin Tasowa, sunan kuwa ya kama shi. Wata rana farar mota ta shigo, ya tare su da fura mai sanyi, ya zagaya da su rumfa rumfa, ya kai su har bakin kwari yana nuna inda ruwa ke kaiwa. Sai da suka shanye furar suka tambaye shi inda rugar Fulani take. Masu yi wa shanu allura ne.

Da abin ya tsaya nan, da mun sha dariya mun watse. Amma Shamsuddeen ya zo da motarsa kamar kullum, kowa ya sayar, har ni. Ubaidu ya ce albarka.

Shamsuddeen ya ce, "Malam Ubaidu, ban ma taya ba."

"Ko ka taya, albarka. Bana da kaina zan kai ta Gwandu bisa kwalbati."

Ya zuba albasarsa kaf a rumbu. Matarsa Rahmatu ta yi magana har muryarta ta dushe, duk ina ji ta katanga. "Malam, abincin shekara ne fa ka kulle kana jiran mutanen cikin rediyo." Ya ce mata ita ba ta bin labarai.

Da hadari ya fara haɗuwa ba ko buhun siminti, sai na goya shi a babur muka tafi Gwandu wurin Malam Yohanna. Tsohon malamin makaranta ne mutumin Zuru, ya yi ritaya ya zauna can, kuma wurin Ubaidu yake sayen albasa. Ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Ubaidu, wannan kasuwar da suke faɗi ba mai rumfa ba ce. Ƙasa sukutum suke nufi. Nijeriya gaba ɗayanta ita ce kasuwa mai tasowa."

"To mu ba cikin Nijeriya muke ba?"

"Kuna ciki. Amma rance ne, ba sadaka ba. Abin da zai maido kuɗin suke nema, tashar wuta ko babbar hanyar da ake biya a wuce. Kuɗin tsufan mutane ne, irin wanda aka yi ta yanka a albashinmu, dole su yi hattara."

Ubaidu ya gyara zama. "Tsaya, Malam. Kuɗinku ne?"

"Irin namu dai."

"To mi ya kai mu nesa? Ka ce musu su ciro naka ka ranta mana. Mu sa gora mu tare hanya, duk mai wucewa ya biya."

Na ce, "Wa zai biya, jakin Umaru? Shi kaɗai ke bin hanyar nan kullum, kuma ban taɓa ganinsa da aljihu ba."

Malam Yohanna ya yi dariya, daga baya ya ɓata rai. Ya ce shi kansa ba a taɓa tambayarsa inda za a kai kuɗin ba, kuma hanyar gidansa ga ta nan, sai an naɗe wando. Ubaidu ya hau bayan babur muka kamo hanyar gida. Rediyo ma kashe ta ya yi.

Ruwa ya sauka, kwari ya cika. Albasa ta fara tsiro, ta ƙasa ta fara ruwa, warin ya hana ni cin tuwo a tsakar gidana. Rahmatu ta riƙa tsince ruɓaɓɓu tana zubarwa. Ubaidu ya daure har ya kasa, ya aika wa Shamsuddeen.

Ya zo, ya tsaya can tsallake jikin motarsa, takalminsa fes. Ubaidu na wannan gefen da kwando ɗaya na gwaji, rabin gari a bayansa. Shamsuddeen ya kwaɗa tayi, abin da bai kai na bazara ba, a lokacin da albasa ke tsada a Gwandu kamar nama. Ya ƙara da cewa tsallakarwa ta mai kaya ce.

Ubaidu ya dubi ruwan, ya dubi kwandon. A hankali ya ce, "Na sallama."

Ruwa na ruri. Shamsuddeen ya kama kunne. "Mi ka ce?"

Na buɗe baki zan sa tawa, Rahmatu ta harare ni, na haɗiye.

"Na ce na sallama!"

Wannan kam har mahauci ya ji. Ubaidu ya tuɓe riga, ya aza buhun farko a ka, ya shiga ruwa har ƙirji.