Fulogi Huɗu da Idon Baba

Ko da na tsufa na kai matsayin da zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai wata Asabar guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da na je gidanmu a Nasarawa da niyyar raba mahaifina da makullin motarsa.

Bari in fara da motar, don in ba a san ta ba, ba za a gane nauyin abin ba. Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri tun kafin a haife ni. Da masaƙun suka rufe, wasu abokan aikinsa suka koma ƙauye, wasu suka zauna zaman jiran abin da bai zo ba. Shi kuwa ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura fara ya shiga dakon kaya. Masara, citta daga ƙauyenmu, katako, bulo, bencinan coci, har gawa ya sha kai wa gida a bayanta. Da ita ya ciyar da mu, da ita muka yi karatu, a cikinta kuma ya koya mini tuƙi a wani fili bayan masaƙa, yana yi yana faɗa. Daga Nasarawa har Gonin Gora, in ka ce Baba mai farar a-kori-kura, an san wanda kake nufi.

Sai idonsa ya fara ba shi matsala. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran da magani, kuma lallai ya bar tuƙi. Baba ya ce to, ya yi godiya, ya fito ya shiga motarsa ya tuƙo kansa gida. Haka muka yi ta fama. Ba a daɗe ba ya goge wani keke-napep a Kakuri. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni, shi kuma ya tsaya kai da fata cewa mai keken ne ya faɗo masa. Ana cikin haka bikin ɗan ƙanensa ya matso a ƙauye, Baba ya ce shi zai kai kayan abinci, shi da Mama, a kan hanyar Kachia mai manyan motoci da kwana-kwana. Mama ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron bango ya ji. Ta ce, "In ya hau hanyar nan, ko mu mutu ko mu kashe 'ya'yan mutane. Ni na yi iya yina."

Ƙannena maza biyu, ɗaya a Abuja ɗaya a Legas, duk suka zame. Kowa ya ce, "Yaya, ke ce babba, ke kuma yake jin maganarki." Ƙarya suke, ba wanda Baba yake jin maganarsa. Abin da suke nufi shi ne ni ce mai baki. Wannan kam gaskiya ne. Malamar firamare ce ni, kuma tun ina ƙarama ba a faɗa mini ɗaya in kasa mayar da biyu. Na shirya maganata tsaf tun daga gida. Na tanadi abin da likita ya ce, na tanadi zancen keken, na tanadi har da barazanar cewa zan kai shi ƙara wurin fasto da dattawan coci. Na ce yau ko ya tsine mini sai na fito da makullin nan a jakata.

Na same shi a tsakar gida da safe, ya buɗe bonet, ya shimfiɗa wani tsohon tsumma a kan benci, ya jera sifana da sababbin fulogi huɗu na injin mota a cikin kwalinsu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"Uwata, kin zo a kan gaɓa. Kwana biyu motar nan tana fizga, in ta zo hawa sai ta riƙa tari. Fulogi ne. Zo ki riƙe mini."

Na ce, "Baba, magana ce ta kawo ni."

Ya ce, "Magana ba ta tsami. Bari mu gama aiki tun inji yana da sanyi."

Na ajiye jaka na tsaya kusa da shi, raina a ɓace. Ya zare wayar fulogin farko, ita kaɗai, don bai taɓa yarda a cire wayoyin duka lokaci guda ba, wai nan ne ake rikita su mota ta ƙi tashi. Ya sunkuya ya hure ƙasar da ke bakin ramin, ya zura sifana, ya murɗa a hankali har ya saki, ya ƙarasa kwancewa da yatsu. Sabon ma da yatsu ya fara ɗaura shi, sannu-sannu, sai da ya ji ya zauna daidai sannan ya ɗan matse da sifana. Ko kuskure ɗaya babu. Ina kallo ina cewa a raina, to fa, mutumin da ke aiki haka ta ina zan fara ce masa ba ya gani? Sai can na lura da wani abu. Ba ya kallon injin sam. Fuskarsa tana fuskantar katanga, hannuwansa ne kawai ke aikin.

Akwai wata al'ada tasa da kowa a gidanmu ya sani. Baba ba ya jefar da tsohon fulogi sai ya duba bakinsa. Yakan ce a nan inji yake faɗin gaskiyar lafiyarsa. In bakin ya yi kalar shayi mai madara, lafiya lau. In ya yi baƙi da toka, mota tana shan fetur fiye da kima. In kuwa ya yi baƙi da danshin mai, to akwai ciwo a ciki. Muna yara yakan tara mu ya nuna mana, mu kuwa hankalinmu yana wurin wasa.

Ranar ma ya ɗaga na farkon zuwa fuskarsa. Ya matso da shi kusa, ya nesanta shi, ya juya wajen rana, ya karkata kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye shi a kan tsumma bai faɗi kalarsa ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar ludayin Mama a cikin tukunya daga kicin, ita ma na san kunnenta yana wurinmu. Ni da na zo da baki cike da magana, sai na ji harshena ya yi nauyi. Da ma gardama ya yi mini, da na san yadda zan yi da shi.

Da ya kwance na huɗu, sai ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya murza, ya kai hanci ya sansana. Ya ɗaga shi sama kamar sauran.  Sannan ya miƙo mini, amma ba daidai inda nake tsaye ba, sai da na matsa na karɓa.

"Uwata, wace kala ce wannan?"

Tunda nake a duniya ban taɓa jin Baba ya tambayi wani abu game da motarsa ba. Bakanikai ma shi yake gaya musu abin da za su yi. Na ji kamar in ce masa lafiya lau ne, kalar shayi ce, don kawai in kare shi daga abin da ke tafe. Amma na san yatsansa ya riga ya gaya masa rabi.

Na ce, "Baƙi ne ƙirin, Baba. Da danshin mai."

"Sauran ukun fa?"

"Su kalar shayi ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan silinda ta gaji. Sabon fulogi zai rufa mata asiri na ɗan lokaci, amma ba zai warkar da ita ba." Ya goge hannu da gefen tsumma. Sannan ya ce, murya ƙasa, "Ni duka huɗun hayaƙi kawai na gani."

Wayyo, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na toshe baki don kada ya ji, amma ina! Kunnen Baba ko sauro bai tsere masa. Ya ce, "Kar ki yi mini kuka a kan inji. Tun daga gaisuwarki na san abin da ya kawo ki." Ya dafa gefen motar. "Mai keken nan bai faɗo mini ba. Ban gan shi ba ne. Da na fito, sai na ji kukan jariri a cikin keken, wata mata ce da goyo. Tun ranar ban ƙara yin barcin kirki ba."

Na buɗe baki zan ce, to Baba ka ba ni makullin mana. Maganar ta zo har leɓena. Har yau ban san abin da ya riƙe ni ba, sai dai in ce Ubangiji ne ya kama bakina, don ba halina ba ne. Na yi shiru.  Shi kuma Baba ya ɗauki sabon fulogi na ƙarshe, ya ɗaura shi da yatsu, ya matse, ya mayar da waya har ta yi ƙas, ya bi sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana dannawa. Ya rufe bonet. Sai ya zaro makulli daga aljihu, ya buɗe ƙofar direba ya shiga ya zauna.

Murɗawa ɗaya motar ta tashi. Fizgar nan ta tafi, injin yana tafiya sumul. Baba ya ɗan taka totur ya saki, ya saurara, ya sake takawa. Sai na ji ya taka kuloci ya sa giya.  Ƙofar gida a buɗe take, ga yaran unguwa suna wasa a layi. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya cak, leɓenta na motsi, na san addu'a take yi. Ni kuma ina tsaye, na rasa ko in ruga in tare ƙofa ko in fizge makullin ta taga. Ban yi ko ɗaya ba.

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa a gaba kamar mai kallon doguwar hanya. Ban san iya lokacin da ya ɗauka a haka ba, ni dai na ga kamar ba zai ƙare ba. Sannan ya cire giyar, ya ja birkin hannu. Bai kashe injin ba. Ya sauko, ya dafa bonet, ya bi ta gaban motar a hankali yana lalube da tafin hannu, har ya kai ɗaya ƙofar. Ya buɗe, ya shiga, ya zauna a kujerar fasinja, ya ja ƙofa ya rufe.

"To, direba, me kike jira? Fetur fa yana ƙonewa."

Mama ta juya da sauri ta koma kicin, zaninta a kan fuska. Ni kuwa na share ido na shiga. Kujerar da sauran ɗumin jikinsa, sitiyarin duk ya suɗe a inda yake riƙewa. Muka fita gwaji, muka bi ta cikin Nasarawa muka nufi Kakuri. Ina tuƙi ina haɗiye kuka, shi kuma ya kama aikinsa na dā. "Sa giya ta uku mana, Uwata, ba injin niƙa ba ne. Kai, wa ya koya miki tuƙin nan?" Na ce, "Wani tsoho ne mai faɗan tsiya." Ya yi dariya har da tari. Da muka zo daidai inda abin keken ya faru, ban faɗa masa ba, amma ya gane da ramukan hanya. Ya cire hularsa ya riƙe a cinya har muka wuce.

Ni na kai su biki. Da muka isa ƙauye mutane suka taru suna mamakin ganinsa a gefe, sai ya ce musu, "Ai na girma, yanzu direba gare ni." Aka yi ta dariya, ba wanda ya ƙara tambaya. Daga ranar har Allah ya ɗauke shi, Baba bai sake zama a bayan sitiyari ba, ko da wasa, kuma ba wanda ya taɓa tuna masa.

Na sha tunanin yadda abin zai kasance da na saki bakina a safiyar nan. Wataƙila da na fito da makullin a jakata, amma da na bar wani karyayyen tsoho a tsakar gida, wanda 'yarsa ta yi wa ƙwace a gaban matarsa. Abin da na koya shi ne, iyayenmu sun fi mu sanin abin da ya ƙare musu, tun kafin mu lura su sun daɗe suna kwana da shi. Ba sanarwa suke buƙata daga gare mu ba. Abin da suke so shi ne mu tsaya kusa, mu faɗi gaskiya in sun tambaya, mu kuma bar su su ajiye kayansu da hannunsu. Ni mai baki ce har gobe, amma mafi girman abin da na taɓa yi wa mahaifina shi ne shirun da na yi a ranar.