Alhaji Sabo da ɗan zalɓe

Jama'a, yau Alhaji Sabo mai kago, wato mai tura kaya ta jirgi, ya shiga taɓo da farar shaddarsa!

Kun san duk Juma'a nakan je Ras Al Khor, fadamar tsuntsaye ta nan Dubai, aikin sa-kai, muna duba sheƙunan zalɓe. Yau ya biyo ni shan iska. Can ya ce mini, "Injiniya, wancan fa ya kasa tashi."

Ashe igiyar ɗaure kwali ce ta naɗe ƙafar ɗan zalɓe! Alhaji kaɗai ke da wuƙa. Shugabarmu ta ce masa da Larabci, "Yalla, amma shwaiya shwaiya," wato je ka, amma sannu a hankali.

Ya cire takalmi, ya lallaɓa, ya yanke igiyar. Tsuntsun ya cake shi a yatsa, ya tashi abinsa.

Alhaji ya bi shi da kallo ya ce, "Habibi, ko na gode babu?"